Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Makiyayi, Sauyin Yanayi Da Abin Da Muke Kallo

Jawabin da aka gabatar gaban makiyaya da fataken shanu a Zangon Lome, ƙasar Togo.

Ranka ya daɗe Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu ardo-ardo, Allah ya ƙara girma. Sarkin Pawa da mahauta, masu gida da ke saukar da baƙi, dillalai, fatake, direbobi da yaran mota, da kuma samarinmu masu kwana da shanu a kara, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da kuka baro harkokinku kuka amsa wannan kira.

Abin da aka nemi mu yi magana a kansa yau shi ne sauyin yanayi, da ja-in-jar da manyan ƙasashe ke yi a kai, da kuma rabon da ya hau wuyan kowannenmu. Amma za mu haɗa da wani abu wanda wasu dattawa za su ɗauka wasa ne, wato finafinai da waƙoƙin da muke so. Muna roƙon a yi mana haƙuri har mu kai ƙarshe, domin akwai igiyar da ta ɗaure su wuri guda.

Duk wanda ya bi ta kara bayan sallar isha'i ya san abin da zai tarar. Can gefe dattawa sun kewaye rediyo suna sauraren sashen Hausa, ana ba da labarin taron ƙasashen duniya kan ɗumamar yanayi. Nan kuma samari goma sun duƙufa a kan waya guda suna kallon Labarina, ko Izzar So, ko fassarar fim ɗin Indiya. Dattijo na ganin yaro ya shagala, yaro kuma na ganin labarin rediyo ba ruwansa da shi. Shanun da ke kwance tsakaninsu suna tuƙa kuwa, maganar nan duka biyu a kansu za ta ƙare.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Jama'a, mu ba sai Bature ya zo ya gaya mana lokaci ya sauya ba. Akwai dattawa a wannan zama waɗanda farin 1973 ne ya raba su da garkensu, wasu kuma na 1984, suka gangaro daga Nijar da Burkina Faso da sanda kawai a hannu, suka koma dillanci ko kiwon shanun wasu. Tun daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan dawo a ƙasashen Sahel, amma ya dawo da wata irin ɗabi'a. Ya kan makara, ya kan ɗauke a tsakiyar damina, sa'an nan ya zubo na wata guda a dare ɗaya.

Mu nan Zango mun ɗanɗana namu. A shekarar 1977 aka rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka kwaso iyayenmu aka kawo su nan Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da Lome, a gefen kwarin kogin Zio. A damina ta 2008 kogin ya cika ya tumbatsa ya shigo unguwanni, gadar Amakpape da ke kan babbar hanyar arewa ta karye, motocin da suka ɗauko shanu daga Cinkasse, tafiyar fiye da kilomita 600, suka rasa ta inda za su wuce. Fatake sun san abin da kwana ɗaya na tsayuwar mota ke yi wa sa, balle mako.

Ku dubi kuma bakin teku, daga Baguida zuwa Aneho, inda ruwa ya cinye gidaje har da tsohuwar hanyar mota. Gaskiya ita ce ba sauyin yanayi kaɗai ya jawo wannan ba. Madatsar ruwa ta Akosombo da aka gama a Gana a 1965 ta rage yashin da kogin Volta ke kawowa, tashar jiragen ruwa ta Lome da aka buɗe a 1968 kuma ta tare yashin da igiyar ruwa ke turowa gabas. Hauhawar teku ta zo ta ƙara a kai. Mun kawo wannan misali ne domin mu saba da rarrabe abu, kada kowace ɓarna a ce sama ce ta jawo, alhali kuwa akwai hannun mutum a ciki.

Yadda masana suka bayyana lamarin a taƙaice shi ne, hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa a masana'antu da motoci da jirage yana taruwa a sama, ya zama kamar bargo, ya hana zafin rana fita. Hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tun da aka fara ajiye lissafi ba a ga shekara mai zafin 2024 ba. A watan Afrilu na wannan shekarar zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, a watan Satumba kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Iska mai zafi ta fi saurin busar da ciyawa da tafki, ta kuma fi ɗaukar ruwa, shi ya sa fari da ambaliya suke zuwa kamar wa da ƙane.

WA YA YI ƁARNA, WA KE BIYA

To, wa ya cika sama da wannan hayaƙi? Afirka baki ɗayanta, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Mafi yawa daga Amurka da Turai da Sin ya fito. Tun 1992 da aka yi babban taro a birnin Riyo na ƙasar Brazil aka amince cewa wanda ya fi ɓarna shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyi. A 2009 a Kopenhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa ba. Ko a lissafinsu su masu bayarwa, alkawarin bai cika ba sai 2022, kuma mafi yawan kuɗin bashi ne ba kyauta ba. A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Faris. Amurka ta fice daga cikinta a 2020, ta komo a 2021, a watan Janairu na 2025 Shugaba Trump ya sake sa hannu a takardar ficewa. A 2022 a Masar aka amince da kafa asusun biyan asara, a 2024 kuma a birnin Baku aka yi sabon alkawari na dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, alhali abin da ƙasashe masu tasowa suka nema ya haura tiriliyan ɗaya. Muna tambayar ardo-ardo da ke zaune nan, a cikinku wa ya taɓa ganin ko jaka guda ta wannan kuɗi ta iso ruga?

Abin bai tsaya nan ba. Wajen 2004 da 2005 wani babban kamfanin mai, BP, ya kashe kuɗi mai yawa a talla yana koya wa mutane su riƙa auna hayaƙin da kowannensu ke fitarwa, wai kowa ya gyara halinsa. Mai haƙo man ya koma gefe, mai kunna fitila ya zama mai laifi. Daga nan aka gangaro kan saniya. A 2006 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa dabbobin kiwo ke da alhakin kashi 18 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, a 2013 ta rage zuwa kashi 14 da rabi. Gaskiya ne saniya in tana tuƙa tana fitar da wata iska mai riƙe zafi. Amma cikin wancan lissafi an haɗa har da dazuzzukan da ake sarewa a Brazil domin kiwo da noman abincin dabbobi, da manyan gidajen da ake tsare dubban shanu ana ɗura masu hatsi. Sai aka zuba su a ƙwarya ɗaya da farar saniyar da ke bin daji tana cin ciyawar da ba wanda ya shuka, tana barin taki a bayanta. Wani bincike da aka yi a yankin Ferlo na ƙasar Senegal, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa in aka lissafa shekara guda cur, abin da ƙasa da itatuwan wurin kiwo ke shanyewa yana biyan abin da dabbobin suka fitar. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Siyasar da ta fi kusa da mu kuwa ita ce ta burtali. Tun kaka da kakanni maganin makiyayi in yanayi ya ɓaci shi ne tafiya, ya bar inda babu ya nufi inda akwai. A watan Oktoba na 1998 ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan Nijeriya ke kira ECOWAS, ta amince a Abuja cewa makiyayi na da ikon ƙetare iyaka da dabbobinsa in yana riƙe da takardar shaidar ƙaura. Amma a watan Disamba na 2019 Jamhuriyar Benin ta hana shigowar garkunan waje. Tun watan Nuwamba na 2021 rashin tsaro ya shigo yankin Kpendjal a arewacin Togo. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙasashen da shanun kasuwarmu ke fitowa, suka fice daga CEDEAO. Gonaki kuma kullum suna ƙara cin burtali da mashaya. Wato a daidai lokacin da tafiya ta fi zama dole, a lokacin ne ake ta rufe hanya.

NAMU RABON

Amma 'yan'uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan muka tsaya a kan cewa Turawa ne suka ɓata sama, muka naɗe hannu, to shanunmu ne za su mutu ba nasu ba. Akwai abubuwa biyar da ke hannunmu, waɗanda ba sai an yi taro a Faris ba.

Na farko, leda. A tambayi Sarkin Pawa abin da mahauta ke cirowa daga tumbin sa. Dabba na ci tana ramewa, mai ita na ta sayen magani, ashe baƙar leda ce ta cunkushe mata ciki. Ledar nan kuma ita ke toshe magudanan ruwan Zango, damina na sauka ruwa ya shigo ɗaki. Tun 2011 gwamnatin Togo ta yi dokar hana ledar da ba ta ruɓewa, amma doka ba za ta zo ta share mana kara ba. Mu muka jefar, mu za mu tsince.

Na biyu, wuta. Wutar da aka sa da sanyin kaka, bisa izini, ciyawa na da sauran danshi, daban take da wadda aka cinna a tsakiyar rani, ta cinye ciyawa da ƙananan itatuwa har ta faɗa rumbun manomi. Wuta ɗaya irin wannan na iya rufe wa dukan makiyaya ƙofar gari na shekaru.

Na uku, itace. Mun san masu katako ne suka yi wa maɗobiya kisan kiyashi suna lodawa zuwa Sin, har a 2016 Togo ta dakatar da sararta da fitar da ita na shekara goma. Amma mu ma in yaro ya hau maɗaci ko kawo zai saro wa shanu ganye, a koya masa ya rage reshe, kada ya aske itacen ƙwal. A ƙasar Maradi, tun tsakiyar shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture ya girma a gonakinsu suna yi masa gyara, yau ana lissafin itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ba kuɗin Kopenhagen ne ya yi wannan ba, wuƙa ce da haƙuri. A nan Togo kuma ranar 1 ga Yuni ita ce ranar dashen itace tun 1977, shekarar da aka kawo mu nan. Da kowane gida na Zango ya raya itace guda a shekara tun lokacin, da yau a inuwa muke wannan taro.

Na huɗu, sayarwa a kan kari. Yawan kai ba shi ne arziki ba in rani zai kwashe rabi. Gara a rage tsofaffi da kaka suna da nama, a sayi harawa da dusa da angurya a ajiye, da a jira sai sa ya kasa tashi a sayar da shi kuɗin fata. Ku kuma fatake da dillalai, ku ji tsoron Allah, kada ku mai da ramar dabbar ɗan'uwanku ta zama ribarku, domin in ruga ta mutu kara ma ta mutu.

Na biyar, takarda da ladabi. A yi allura, a riƙe takardar ƙaura, a shiga a lokacin da hukuma ta tsayar, a gai da sarkin gari kafin a sauka. Kada a saki shanu ɗari a hannun yaro ɗan shekara goma, kada a yi kiwon dare kusa da gona. Manomin nan shi ma ruwan da ya dake mu shi ya dake shi.

FIM DA WAƘA BA WASA BA NE

Yanzu bari mu koma wurin samarin nan da wayarsu. Mu ba mu zo hana kowa kallo ba, mu ma muna yi. Waɗanda suka yi zamani da kaset sun san yadda muryar Mamman Shata ke rage wa direba nisan hanya daga Dapaong zuwa Lome. Matanmu ba sa son a taɓa masu lokacin Daɗin Kowa a tashar Arewa24. Yaranmu sun san Ali Nuhu da Adam A. Zango da Hadiza Gabon kamar 'yan gidansu, sun yi rawar Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, suna kuma jin Toofan tare da abokansu 'yan Lome. Wannan duk ba aibu ba ne.

Tambayar ita ce, a cikin abin da muke kallo, ina makiyayi yake? Sau da yawa in an sako shi a fim, ko dai ya zama abin dariya wanda bai san kuɗi ba bai san mota ba, ko kuma ya zama mai bindiga. Ɗan birnin da bai taɓa kwana a ruga ba, daga nan yake ɗaukar saninsa, shi ne kuma gobe zai zama ɗan majalisa ko jami'in da zai sa hannu a rufe burtali. Yaronmu ma in ya daɗe yana ganin ana dariyar sana'ar ubansa, wata rana sai ya jefar da sanda. Ku tuna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa. Waƙa guda ya yi wa karen mota, jama'a suka fara kallon yaron mota a matsayin mutum mai neman halalinsa.

Akwai waɗanda suka gwada ba da labarinmu da gaskiya. A fim ɗin Timbuktu na 2014, wanda Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya ya shirya, saniyar wani makiyayi ce ta faɗa cikin komar masunci a bakin ruwa, masuncin ya soke ta, makiyayin ya je da fushi, rai ya salwanta, gidaje biyu suka rushe. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a kan mashaya ya san wannan ba ƙage ba ne. A 2021 Aïssa Maïga ta shirya wani fim a ƙauyen Tatiste da ke arewacin Nijar, kan wata yarinya Bafulatana da ke tafiya mai nisa neman ruwa tana riƙon ƙannenta, iyayenta sun tafi neman abinci, alhali ruwa na nan kwance a ƙarƙashin ƙasarsu. Shi kuma Baaba Maal na Senegal, mai waƙa da Fulatanci, wanda aka ji muryarsa a fim ɗin Black Panther a 2018, a 2023 aka naɗa shi jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da kwararowar hamada. Ashe ke nan abin da ake kallo domin nishaɗi na iya kai kukan makiyayi inda takardar ƙungiya ba ta kai ba.

Saboda haka wayar nan ma tana cikin rabon da ya hau kanmu. Kuɗin da muke zubawa muna sayen data, da yawan kallon da muke yi, su ne abincin masu shirya fim. Muna da bakin da za mu ce masu su yi mana labarin bafataken da gada ta karye masa da shanu a mota, ko na ardon da ya sasanta rigimar gona ba a zub da jini ba. Samarinmu kuma, maimakon tura hoton gawa a WhatsApp wanda ba a san inda aka ɗauke shi ba, wanda ba ya haifar da komai sai ramuwar gayya, su ɗauki hoton burtalin da aka nome, da tafkin da ya ƙafe, da ledar da aka ciro daga tumbi, su rubuta rana da wuri su kawo wa shugabanni. Wannan shaida ce da za a iya ajiyewa gaban hukuma.

A ƙarshe, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo, bisa shawarar ƙasar Mongoliya. Bukatunmu ga hukumomi a fili suke: a shata burtali a kafa masa alama, a haƙa mashaya a kan hanya, a bar iyaka a buɗe ga mai takarda, in kuma kuɗin sauyin yanayi ya shigo ƙasa a zauna da makiyaya da fatake kafin a raba. Amma wanda zai je neman hakkinsa, gara ya je da hannu mai tsabta. Muna roƙon Sarkin Zango da Sarkin Pawa da shugabannin kara su tsayar mana da rana guda a kowane wata ta share leda, mu kuma yi shirin 1 ga Yuni tun yanzu, kowane mai gida ya san inda zai dasa nasa da wanda zai riƙa ba shi ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.